Fili kusa da babbar wayar wuta a Yamai: wanda zan saya da wanda zan bari

Duk mai neman fili ko gida a gefen Yamai, ko ba daɗe ko ba jima sai dillali ya kai shi inda manyan ƙarafunan wuta suka ratsa. Gari ne ya faɗaɗa ya cim ma layukan da aka kafa tun wurin yana gonakin hatsi. Layin da ke kawo mana wuta daga Birnin Kebbi ta Dosso, mai kilobolt 132, yana aiki tun 1976, lokacin da ba wanda ya zaci gidaje za su kewaye shi. Ga layukan da ke kwaso wuta daga tashar Goru Banda da aka buɗe a 2017, ga kuma babban layin kilobolt 330 da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai har Wagadugu. Shi ya sa tambayar ta yawaita a bakin magidanta: in na zauna kusa da waya, ba za ta sa wa yarana sankara ba?

Abin da ake nuna wa mai saye bai wuce iri huɗu ba. Akwai filin da ke ƙarƙashin waya ko daf da gindin ƙarfe, mai arahar da ke sa yawu ya tsinke. Wannan ko kyauta aka ba ka, yi godiya ka wuce. Akwai na can bayan gari inda ko poto ɗaya babu, inda masu gudun waya ke ƙarewa da hayaƙin injin wuta da sayen ruwa wajen ƴan garuwa, ban kuwa ga ribar ba. Akwai ginannen gida a tsohuwar unguwa da taransfo a jikin katanga. Sai wanda ni nake so: fili mai takardu a cikin lotisma, wato yankin da aka yanka filaye bisa taswira, wanda in ka tsaya ƙofarsa kana hango ƙarafunan, amma tsakaninka da waya akwai mita 100 ko fiye. Tsoron mutane ya karya masa farashi, alhali binciken likitoci bai goyi bayan tsoron ba a wannan nisa.

Abu biyu ne ke fita daga wayar wuta. Na farko ƙarfin lantarki ne mai bin iska, shi ne ke sa mutum ya taɓa rufin kwano ko jikin mota a ƙarƙashin layi ya ji wani ɗan tsikari. Bango da itatuwa suna tare shi, saboda haka a cikin ɗaki ba abin damuwa ba ne. Na biyu ƙarfin maganaɗisu ne. Shi bango ba ya tare shi, na siminti ne ko na laka, kuma a kansa ake duk gardamar. Ana auna shi da mikrotesla. Yawansa ya danganta da yawan wutar da ake ja a layin a wannan sa'a, kuma yana faɗuwa da sauri in ka matsa: in ka ninka nisa, yakan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daidai ƙarƙashin babban layi yana iya kai mikrotesla 20, amma daga mita 50 zuwa 100 yakan koma daidai da na gidan da ba ya kusa da kowane layi.

Maganar sankara kuwa ba ƙirƙirar masu shayi ba ce, tana da asali. A 1979 wasu masu bincike biyu, Nancy Wertheimer da Ed Leeper, sun lura a birnin Denver na Amurka cewa yaran da sankara ta kashe sun fi yawa a gidajen da ke kusa da wayoyi masu ɗaukar wuta da yawa. Aka yi shekara ashirin ana bin sawun zancen. A 2000 aka tattara binciken ƙasashe da dama wuri guda, aka ga cewa a gidajen da maganaɗisu ya wuce mikrotesla 0.4 dare da rana, sankarar jini ta yara ta kusan ninka. A kan haka cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin 2B a rahotonta na 2002, wato abin da mai yiwuwa yana haddasa sankara amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Har yau gwaji a kan dabbobi bai nuna ta yadda zai haddasa ciwon ba, kuma ga manya ba a sami wata alaƙa mai ƙwari ba. A 2007 hukumar ta yi lissafin cewa ko da maganaɗisun ne sanadi, rabonsa a cikin sankarar jinin yara ta duniya yana tsakanin kashi 0.2 da 4.9 cikin ɗari.

Bincike biyu ne suka fi kwantar mini da hankali. A Ingila wani babban bincike na 2005 ya ga ƙarin haɗari ga yaran da aka haifa cikin mita 200 daga manyan layuka, amma da aka faɗaɗa shi a 2014 sai aka ga ƙarin ya yi ta raguwa har ya ɓace ga waɗanda aka haifa daga shekarun 1980 zuwa gaba, alhali wayoyin suna nan inda suke. A Faransa kuma binciken 2013 ya ga alamar ƙari ne kawai cikin mita 50 daga layukan kilobolt 225 zuwa 400, bai ga komai ba kusa da na 63 zuwa 150. Namu na Birnin Kebbi yana cikin rukuni na biyun.

Me ya sa na tsaya kan mita 100, ban ce 50 ba? Don fili ba na bana kaɗai ba ne. Wutar da Yamai ke sha kullum ƙaruwa take, kuma in za a ƙara sabon layi, sau da yawa gefen tsohon ake bi da shi. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma sun bar tazara don yara: tun 2005 Holand ta ba da shawarar kada a yi sabbin gidaje da makarantu inda maganaɗisun layi ya wuce 0.4, Faransa kuma a 2013 ta ce a guji kafa sabbin asibitocin haihuwa da makarantun ƙanana inda ya wuce mikrotesla 1. Iyakar da masana na duniya suka sa wa jama'a a 2010 mikrotesla 200 ce, amma wannan don kare jiki ne daga illar nan take, ba ta amsa tambayar uban da zai yi shekara talatin a gida da ƙananan yara. A mita 100 daga layin 132 ka fita daga duk wannan muhawara. Ka kuma sami abin da ya yi wuya a sabbin unguwanni: sarari a gabanka da ba wanda ya isa ya gine, iska na shigowa, mota na juyawa. Ranar da za ka sayar, mai saye zai hango ƙarfen daga nesa ne, ba zai ɗaga kai ya gan shi bisa rufinsa ba.

Gida mai taransfo a jikin katanga, maganaɗisunsa yakan mutu cikin ƴan mitoci. Ka mai da ɗakin yara ɗaya ɓangaren, ka sa kicin ko ma'ajiya a wannan. Abin da zan duba a wurin shi ne tsiyayar mai, wayoyi tsirara da gobara.

Kafin komai, san irin layin da ke gabanka, don dillali duk "wayar wuta" yake ce musu. Ƙirga faifan gilashi ko tangaran da wayar ke rataye a jiki. Biyu ko uku a kan poton siminti, layin cikin unguwa ne, irin wanda ke kowace babbar hanya. Tara ko goma a kan dogon ƙarfe, kana gaban layin 132. In sun kusan ninka haka, babban ne. Kukan da waya ke yi idan iska ta yi danshi ba alamar cuta ba ce. Abin da ke kashe mutane a zahiri shi ne kusanta: wuta mai ƙarfi tana tsallakowa ba sai an taɓa ta ba, waya tana saki ta sauko a zafin Afrilu da Mayu, iskar farkon damina kuma tana tsinka ta. Birkila mai ɗaga ƙarfen gini a bene, yaro mai gyara eriya, su ne ke cikin haɗari, har a ƙarƙashin ƙaramin layin unguwa. Kuma kada tsoron waya ya tura ka cikin kwari. Mutanen Lamorde da ruwa ya ci gidajensu a 2020, lokacin da madatsar gefen kogi ta fashe, ba maganaɗisu ya tashe su ba.

Ni abin da ya taɓa ƙona ni a wannan harka born ne, wato ƴan duwatsun simintin da ake kafawa a kusurwar fili. Wani dillali ya nuna mini parsel mai kyau, tazara mai daɗi daga ƙarafuna, born huɗu a zaune kamar tun fil azal suke nan. Na ba da kafin alƙalami. Da mai auna filaye ya zo da taswirar lotisma, sai ga ainihin lambar tana can gaba, kusan rabinta a cikin hanyar layi. An tumɓuke born an dasa su a filin wani. Kuɗina sun dawo, amma da guntu-guntu, bayan zirga-zirgar da ba na fatan maƙiyina ya yi. Tun daga nan ba na kallon born, jiyomet, wato mai auna filaye, nake kallo, kuma wanda ni na ɗauko na biya, ba wanda mai sayarwa ya zo da shi a bayan babur ba.

Kowane babban layi yana da hanyarsa da aka haramta gini a ciki. A Najeriya, inda layinmu ya taso, ƙa'idar mita 30 ce ga layin 132, mita 50 ga na 330, rabi kowane gefe. Faɗin namu ka je NIGELEC, kamfanin wuta na Nijar, ka tambaya game da wannan layin takamaimai, a rubuta maka, ka ajiye tare da takardun fili. Dillali zai ce maka ga maƙwabta sun gina ba abin da ya same su. Ginin maƙwabci ba izini ba ne. Zai ce ko an tashe ka za a biya ka diyya. Diyya ta wanda layi ya tarar ce da haƙƙinsa a hannu, wanda ya zo ya tarar da layi ya gina a hanyarsa kada ya sa rai. Wani ma zai nuna maka ƙarfen ya ce ga wuta a ƙofar gida. Ba a jan wutar gida daga layin 132. In babu ƙananan potuna da taransfo a unguwar, za ka kwana a duhu kana jin kukan waya.

Takardu kuwa nan ne ɓarnar ta fi yawa. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku ba sabon labari ba ne a Yamai, kotuna sun cika da irinsa. Takardar mallakar gargajiya daga hannun mai gona ba daidai take da takardar sesiyon, wato ta miƙa fili, ta lotisma da hukuma ta amince da shi ba, ita ma ba ta kai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin, ƙarfi ba. Filayen gefen layi sun fi jan ƴan damfara saboda kowa ya san suna da araha, don haka ƙarancin kuɗi ba ya tayar wa mai saye da hankali. Ka ɗauki lambar ilo, wato rukunin filayen, da ta parsel ka kai ofishin filaye da ƙafarka, ka ga sunan da ke cikin rajista, ka ga mai sunan ido da ido da katinsa. In gado ne, a kawo takardar rabon gado da yardar sauran magada. Hoton takarda a WhatsApp ba takarda ba ce. Duk wanda ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe da safe in ba ka yi sauri ba, bar wa Alhajin.

Har awon maganaɗisun ma ana cuta da shi. Wani zai zaro waya ya buɗe manhaja ya nuna maka lamba. Na'urar da ke cikin wayar hannu don nuna gabas da yamma aka yi ta, ita ce ke nuna maka alƙibla, kuma maganaɗisun ƙasa take ji, wanda shi kaɗai ya kai mikrotesla talatin da wani abu a yankinmu. Ba a yi ta don auna na waya mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ba. In za a auna, a nemo na'urar ainihi wajen ƙwararren mai aikin lantarki. In da miligawus take ƙirga, goma shi ne mikrotesla 1. Lokaci ma yana da muhimmanci. Awon safiyar Janairu, sanda ba mai kunna fanka, zai ba ka lamba mai daɗi, awon da aka yi layi na kashe kuwa sifili zai nuna, mai sayarwa ya yi ta murmushi. A auna da maraice a bazara, sanda kowane kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, na gari ke aiki, a tsakiyar inda za a yi ɗakunan kwana.

Sai masu sayar da kariya: dutsen da ake ajiyewa a falo, ɗan faifan da ake liƙawa a bango, sarƙar wuya, fenti na musamman. Maganaɗisun da ya ratsa bulo da siminti ba zai tsaya don sitika ba. Kuɗinsu ka ƙara a kan na jiyomet.

In komai ya daidaita, kada kuɗi su fita gaba ɗaya a gindin bishiya. A je gaban notar, wato jami'in tabbatar da yarjejeniya, a rubuta cikin yarjejeniya cewa filin yana wajen hanyar layi, a sa nisan da jiyomet ya auna daga waya mafi kusa zuwa katanga, kuma cikon kuɗin sai bayan ofishin filaye ya tabbatar da suna.