Gargaɗi ga masu motoci da 'yan canji a Abuja: ledar da ake manna wa gilashi ba ta tare harsashi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na rubuta, domin kawuna ta shafa, dattijo ne mai mutunci da ba ya son a ji an cuce shi. Da izininsa nake rubutawa, bisa sharaɗin ba zan kama suna ba.

Kawu ɗan canji ne a Zone 4, Wuse, iyalinsa kuma suna Kaduna, saboda haka kusan duk ƙarshen mako yana kan hanya. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabe ta, har aka kai ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, ya san abin da ke zuciyar matafiyi in ya wuce Jere. Ta wannan ƙofa ta tsoro wani mutum ya shigo masa.

Ya zo shago da shiga ta kamala, Hausa a bakinsa kamar zuma. Ya ce kamfaninsu na mayar da gilashin kowace mota ya zama wanda harsashi ba ya hudawa, cikin kwana biyu, ba a taɓa ƙofa, ba a ƙara wa mota nauyi, gilashi kuma zai riƙa hawa da sauka kamar yadda ya saba. Ya nuna bidiyo a waya ana ɓarin wuta a kan wata mota. Ya ciro wani guntun gilashi mai kauri daga jaka, da tabon harsashi uku a jiki. Sannan ya ɗauko wani falle da ya manna wa leda, ya miƙa wa yaron shago guduma ya ce ya buga iya ƙarfinsa. Gilashi ya tsattsage amma bai zube ba. Kowa a wurin ya yi kabbara. Kawu ya biya naira miliyan 6, rabi kafin alƙalami, rabi ranar da aka dawo da mota.

Bayan wata huɗu wata tifa ta cillo tsakuwa wajen Zuba, gilashin gaba ya tsage. Tsagewa kaɗai ba hujja ba ce, don na gaske ma fuskarsa ta waje tana tsagewa. Ni na raka shi wurin masu gilashi a Apo. Mai aikin ya sauke gilashin gefe, ya kama bakinsa da yatsu biyu, ya ɗago ya dubi Kawu.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce maka wannan na sulke ne?"

"Haka aka sayar mini."

"Alhaji, gilashin da mota ta zo da shi ne. Leda kawai aka manna."

Ya auna a gabanmu, bai kai milimita 6 ba har da ledar. Kawu bai ce uffan ba. Muna cikin mota a hanyar gida ya ce, "Yaro, sau nawa na ɗauko Hajiya da yara da daddare saboda na yarda da abin nan?" Wannan tambaya ce ta hana ni barci, ba kuɗin ba. Mutumin da a da ba ya barin Abuja bayan la'asar, ya koma tashi bayan isha'i. Abin da aka sayar masa bai da maraba da maganin bindiga na bokaye, wanda ke sa mutum ya tsaya a inda ya kamata ya gudu.

Daga ranar na zauna na bibiyi yadda abin yake. Da farko dai, babu gilashin da harsashi ba ya hudawa har abada. Akwai wanda ke jure wata irin bindiga, zuwa wani adadin harbi. Shi ya sa aka kasa shi mataki-mataki. A ma'aunin Turai da ake kira EN 1063, matakan sun fara daga BR1 zuwa BR7. BR2 na harsashin ƙaramar bindiga ne mai milimita 9. BR4 yana tare .44 Magnum, wadda ke cikin ƙananan bindigogi mafiya ƙarfi, amma duk da haka bindigar hannu ce. Sai an kai BR5 ake fara maganar doguwar bindiga irin ta yaƙi. BR6 shi ne wanda aka gwada da harsashin 7.62x51 na babbar bindigar soja, kuma shi masu motocin sulke ke nema idan AK-47 suke tsoro. BR7 na harsashi ne mai taurin ciki da aka ƙera don huda sulke. Amurka tana da nata ma'aunin, UL 752. Ka ga ke nan ko gilashin gaske ka saya, in BR4 ne, bai yi maka maganin abin da 'yan bindigar hanya ke riƙewa ba. Kuma gwajin kansa harbi uku ne, tazarar santimita 12 tsakaninsu, a kan falle sabo fil. Aikin gilashin shi ne ya ba direba 'yan daƙiƙun da zai taka mota ya bar wurin.

Na gaske ana gane shi da ido da hannu. Falle-falle ne na gilashi da aka haɗe da roba a tsakani, ta ciki kuma akan sa wata roba mai tauri, polikabonet, don ta tare ɓaraguzai kada su faɗa wa na zaune. Na ƙananan bindigogi yakan haura milimita 20, na BR6 yakan kai wajen milimita 40, kusan kaurin yatsu biyu a haɗe. Murabba'in mita ɗaya na irinsa ya haura kilo 80. Wace ƙofar mota ce za ta ɗauki wannan ba a sake mata gini ba? Shi ya sa a motar sulke gilashin baya galibi ba ya sauka sam, na direba ma kaɗan yake buɗewa. Ledar da aka manna wa Kawu kuwa, irinta ba ta cika kai rabin milimita ba. Tana da amfaninta, ban ce ba ta da shi ba: tana riƙe fasasshen gilashi, tana ɓata wa ɓarawon da ke fasa gilashi a cunkoson motoci lokaci. Guduma a hannun yaro daban, harsashin AK-47 da ke tafiyar fiye da mita 700 a daƙiƙa ɗaya daban. Guntun da mutumin ya ciro daga jaka mai yiwuwa na gaske ne, amma ba shi ya sa a mota ba.

Ga kuma abin da ya kamata ya farkar da mu tun farko. In an sa gilashi an bar ƙofa, me aka yi? Ƙarfen ƙofar mota gwangwani ne a wurin harsashi. Aikin sulke na gaskiya sai an kwance cikin mota, an shimfiɗa ƙarfe na musamman a ƙofofi da ginshiƙai da rufi, an ƙarfafa birki da shokozoba saboda nauyi, an sa tayar da ke iya tafiya ko an fasa ta. Aikin makonni ne. Wanda ya ce maka kwana biyu, ka riƙe kuɗinka.

In har za ka saya, ko na mota ko na tagar shago, domin na ji mutumin nan yana zagaya masu gwal a kasuwar Wuse da wannan romon baka, ka sa mai sayarwa ya rubuta maka matakin a rasit, ya nuna takardar gwaji mai sunan ɗakin gwajin da lambar da za ka iya bincikawa. Ka duba hatimin da ke kusurwar gilashin. Ka tambayi takardar izini ta ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, domin shigo da kayan sulke Nijeriya sai da ita. Ka je wurin aikinsu da ƙafarka, da makanikenka, kafin ka ba da ko sisi. Mu ba mu je ba. Shi ya zo ya ɗauki mota, shi ya dawo da ita.

Mutumin ya yi layar zana. Lambarsa a kashe, ofishin da ke kan katinsa kuma da muka je, mai gadi ya ce bai taɓa jin sunan ba. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da rasit da shaidar tura kuɗi. Makon jiya wani maƙwabcin Kawu a Zone 4 ya nuna mini bidiyon nan dai, an turo masa ta WhatsApp daga sabuwar lamba, da sabon sunan kamfani. Mutum biyu a layinsu tuni an yi musu aikin. Don Allah, duk wanda aka taɓa yi wa, ya sauke gilashin motarsa yau ya kama bakinsa da yatsa, kafin tafiyar Juma'a mai zuwa.