Na'urar awo mai leza: ta yi aiki a ɗaki, ta ba ni kunya a gindin maɗaci

Wata huɗu ke nan da na sayi wannan na'ura, kuma da gangan na ja ƙafa wajen rubuta sharhi don kada in yi shi cikin fushi. Waɗanda suka san ni sun san inda Asabar take samuna: a kan babur, cikin ƙauyukan Gombe, ina neman manyan itatuwan ƙasarmu irin su kuka, rimi, gamji, ɗorawa da tsamiya. In tambayi mutanen wurin tarihin itace, in auna, in ɗauki hoto, in rubuta a littafi. Dogonyaro dai ba ya shiga littafina komai girmansa, tunda baƙo ne daga Indiya.

Kauri bai taɓa ba ni wahala ba. Tef ɗin magina mai mita 30 ya ishe ni: in ɗaga mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirji, in zagaye gindin, in raba da 3.14 in samu faɗi. Tsayi ne ciwon kai. Da sanda nake yi, mai tsawon hannuna, in riƙe ta a tsaye ina ja da baya har ta rufe itacen daga gindi zuwa ƙoli, sannan in auna tazarar da ke tsakaninmu. Tana aiki, amma sai da fili. Shi ya sa da na ga tallar wannan na'ura, har da hoton dogon itace a jiki, na kira mai ita. Sau biyu na nanata masa cewa itace zan auna, a waje, da rana. Ya ce, "Yallaɓai, mita 100 take ci, ko gini mai hawa goma ne za ta ba ka."

Kwana huɗu ta iso tasha a kwalinta, babu ƙwarzane. Na gwada ta a falo, na bi da tef, bambancin bai kai faɗin farce ba. A nan kam ba zan zalunce ta ba. Da a makon farko na yi rubutun nan, yabo zan zuba.

Cikin Oktoba wani ɗalibina ya ba ni labarin wani maɗaci a garinsu, can gefen hanyar Dukku, a bakin rafi. Na je. Wallahi tun daga nesa na rage gudu don kallo. Shekara uku ina wannan yawo ban ga maɗaci irinsa ba. Yawancin na gefen hanya duk masu magani sun sassaƙe su har sun rame, shi kuwa wannan ɓawonsa lafiya lau in ban da wuri guda. Na zagaya da tef: mita 5.4. Faɗinsa ya haura mita ɗaya da rabi ke nan. Mai gonar, dattijo ne, ya ce a haka ya taso ya same shi, kuma a inuwarsa kakansa yake sheme dawa.

Matsalar ita ce dawa ta kewaye shi ta ɓangare uku, ba a girbe ba, na huɗun kuma ruwa ne. Babu inda zan ja da baya da sanda sai in tattake wa bawan Allah amfanin gona. Irin wannan wuri ne fa na sayi na'urar dominsa. Na tsaya kan kunya na danna. Jan ɗigon da zai nuna mini inda na saita ya ɓace ɓat cikin hasken rana, ko taku goma bai kai ba. Na saita da ka. Ta ce mita 14. Na sake, ta ce 31. Na sake, 9. Daga nan sai alamar kuskure kawai take jefo mini. Na canza batir, na yi mata inuwa da hula, na jingina da jikin babur don kada hannu ya yi rawa. Fiye da awa ɗaya ina abu guda, yara sun taru suna kallo. Dattijon ya ce, "Ɗana, ka bari a yi girbi ka dawo, itace ai ba ya gudu." Na ce, "To Baba, Allah ya kai mu."

Da dare na zauna da takardar bayaninta, na gane irin na'urar. Haske take harbawa ta jira ya dawo. Bango yana mayar da shi sarai. Kan itace kuwa ganye ne da tsirarun rassa, ko hasken ya ratsa ya tafi sama, ko ya daki ganyen da ya fi kusa, ga rana tana danne shi. Ta masu ɗora tayil da masu silin ce, ba ta daji ba. Na sake gwada ta dab da magariba a jikin wata giginya, ta ba da lamba mai ma'ana sau uku a jere. Sai na fara sassautowa, na ce wataƙila in na iya zaɓar lokaci za mu shirya. Amma wa zai tsaya awon itace da magariba a bayan Dukku, ga hanyar gida a gabansa?

Duk da haka na koma a farkon Janairu, da sandata da na'urar. Kututture na tarar. Garin katako ja ya rufe ƙasa, ga sawun mota har bakin rafi. Masu injin yankan katako sun saye shi mako biyu kafin zuwana. Ban ga laifin dattijon ba, auren 'ya ne a gabansa kuma itacensa ne. Har haƙuri ya ba ni, abin da ya ƙara karya mini zuciya. Na durƙusa na auna faɗin kututturen, na ɗauki hoto, na kasa cewa komai.

To a nan ne duk sassaucin da na yi ya tafi. Da wanda ya sayar mini da na'urar ya faɗa mini gaskiya tun farko, da kuɗin na sa a ma'aunin kusurwa irin na ma'aikatan gandun daji, wanda babu ruwansa da rana, kuma da yau tsayin maɗacin nan yana rubuce. Na kira shi na faɗa masa. Amsarsa ita ce, "Yallaɓai, ba ka iya saita ta ba ne." Ko a yi haƙuri babu, balle maganar canji.

In aikinka na cikin gini ne, saya, ƙanena mai ɗora tayil ya karɓe ta yana ta sa albarka. In itace kake bi kamar ni, kada ka kusance ta. A littafina, shafin maɗacin nan yana da kauri, da hoto, da ranar da na gan shi, gurbin tsayi ne babu komai. Shekaranjiya na sake cin karo da tallar, har yanzu da hoton itacen a jiki.