Wace Manhaja Za Ka Zaɓa Don Koyon Loft? Gwada Su da Bututu Ɗaya Kafin Ka Biya

Kalmar Loft ta fito ne daga wajen maƙeran jiragen ruwa. A da, kafin a yanka katako ko ƙarfe, akan zana jikin jirgi da ainihin girmansa a daɓen wani faffaɗan bene, a jera haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan a lanƙwasa siririn katako ya bi ta kansu, a danne shi da gumakan dalma. Abin da umarnin Loft yake yi a manhajar zanen 3D a yau ke nan. Ka ba ta zane biyu ko fiye, kowanne a nasa tsayin, ita kuma ta shimfiɗa fata a kansu. A wannan rubutu za mu riƙa kiran kowane irin wannan zane zobe, ko da murabba'i ne, abin da aka shimfiɗa kuma fata.

Kusan kowace manhaja tana da wannan umarni, kuma a hotunan talla duk suna fitar da kwalba mai sheƙi. Bambancinsu yana bayyana ne ranar da fatar ta murɗe. Shin manhajar za ta nuna maka wane ɗigo na zoben farko ta haɗa da wane ɗigo na zobe na biyu? Za ta bari ka gyara da hannunka? Idan bayan mako guda ka canza faɗin zoben tsakiya, fatar za ta biyo shi, ko sai ka rushe ka sake? A kan waɗannan tambayoyi ya kamata ka auna kowace manhaja, kuma aunawar ba ta wuce aikin yini ɗaya.

Ga gwajin. Zana murabba'i mai milimita 80 kowane gefe. Buɗe sabuwar shimfiɗa milimita 100 sama da shi, ka zana da'ira mai faɗin milimita 60, cibiyarta daidai da cibiyar murabba'in. Haɗa su da Loft. Wannan ita ce mahaɗar bututun iska, aiki mafi sauƙi a ido, amma a nan gizo ke saƙa. Murabba'i yana da gefe huɗu da kusurwa huɗu, da'ira kuwa layi ɗaya ce tak mai mafari ɗaya. Dole manhajar ta yanke wa kanta shawarar inda kowace kusurwa za ta sauka a jikin da'irar. Idan mafarin da'irar bai fuskanci kusurwa ba, sai ka ga jikin ya karkace kamar an matse rigar wanki. Maganinsa ɗaya ne a ko'ina: raba da'irar gida huɗu a digiri 45, 135, 225 da 315, domin kowane baka ya sami gefen da zai aura. Idan ka zagaye kusurwoyin murabba'in da milimita 8, gefunan sun zama takwas, saboda haka da'irar ma sai ta zama takwas. Bayan haka ka ƙara zobe na uku a tsakiya, ka rarake cikin jikin ka bar bango mai kaurin milimita 2, sannan ka koma ka mai da da'irar milimita 50 ka ga abin da zai faru. Manhajar da ta wuce waɗannan matakai ba tare da ta wahalar da kai ba, ta cancanci ka duba ta da kyau.

Mu fara da Rhino, domin a fagen fata mai lanƙwasa ita ce ta fi buɗe wa mai koyo ido. Kamfanin Robert McNeel & Associates na birnin Siyatil a Amurka ya fitar da ita a 1998, Rhino 8 kuma ta fito a 2023, tana aiki a Windows da Mac. Da zarar ka zaɓi rufaffun zobba, za ta nuna kibiya a mafarin kowanne, ka ja su su daidaita, ka juya wadda ta fuskanci baya. Daga nan sai zaɓin salo. Normal shi ne na yau da kullum. Tight yana manne wa zobban sosai. Straight sections yana jan miƙaƙƙen layi daga zobe zuwa zobe, kowace mahaɗa ta fito da kaifin kusurwa. Loose kuwa, wanda masu koyo suka fi yi wa kallon kuskure, ba ya tilasta wa fatar ta taɓa zobban tsakiya. Yana ɗora ɗigogin sarrafa fatar (ɗigogin da ake ja don canza siffa) ne a inda ɗigogin sarrafa zobban suke, shi ya sa yake ba da fata mafi santsi, mafi sauƙin gyara daga baya. Akwai kuma zaɓin Rebuild, inda za ka ce a sake gina dukkan zobban da adadin ɗigo ɗaya, misali 10 ko 12. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Idan zobe ɗaya yana da ɗigo 6, wani 9, wani 14, manhajar za ta cusa wa fatar mahaɗun kowannensu gaba ɗaya, ta fito cike da layuka kamar taru, kuma irin wannan fata ba ta yarda a zagaye gefenta ko a ba ta kauri cikin lumana.

Abin da Rhino ba ta da shi sai a faɗe shi a fili. Loft ɗinta ba ya karɓar layin jagora, idan kana son fata ta bi gefuna biyu da ka zana, Sweep2 ko NetworkSrf za ka nema. Ba ta kuma da jerin tarihi irin na manhajojin injiniyoyi, wato jerin matakan aiki da za ka koma ka gyara. Akwai Record History da ke sa fatar ta biyo zobba idan ka motsa su, amma igiyar tana tsinkewa da zarar ka yanke fatar ko ka haɗe ta da wata. A gwajinmu, matakin mai da da'ira milimita 50 bayan rarakewa yana nufin maimaita aiki. Lasisinta na dindindin ne, sau ɗaya ake biya, kuma ana ba da kwana 90 na gwaji da cikakken aiki. Mai zana jirgin ruwa, takalmi, zobe na ado ko kujera mai lanƙwasa, nan ne gidansa.

Fusion ta kamfanin Autodesk ta bi wata hanyar daban. Duk abin da ka yi yana shiga jeri a ƙasan allo, ka koma zane na biyu ka canza lamba, Loft da rarakewa da ramukan ƙusa duk su sake lissafa kansu. Loft ɗinta yana karɓar layukan jagora da yawa, ko layin tsakiya guda ɗaya. Ƙa'idar layin jagora ba ta da sassauci: sai ya taɓa kowane zobe, taɓawa ta lissafi, ba ta ido ba. Ratar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta sa umarnin ya ƙi. Mafi yawan masu koyo a nan suke karaya. Hanyar tsira ita ce, a zanen layin jagora ka fara amfani da Intersect ka ɗauko ɗigon da kowane zobe ya ratsa shimfiɗar, sannan ka ɗaure layin a kan waɗannan ɗigogi. Kada ka dogara da cewa linzamin kwamfuta ya manne da kansa.

A Fusion ne kuma mai koyo zai fi saurin fahimtar G0, G1 da G2, wato yadda sabuwar fata take haɗuwa da tsohuwa. G0 taɓawa ce kawai, ana ganin kaifin mahaɗar. G1 sun haɗu suna fuskantar wuri ɗaya, yatsa ba ya jin mahaɗar amma haske yana tona ta. G2 har ƙarfin lanƙwasar ya yi daidai, haske ya zarce ba tare da tuntuɓe ba. Sai dai G1 da G2 ba sa fitowa sai idan abin da ka zaɓa fuska ce ko gefen jikin da ya riga ya wanzu. Idan zane ne tsirara, babu abin da fatar za ta kwaikwaya. Akwai lasisin kyauta na amfanin kai, ba na kasuwanci ba, mai iyakar fayil 10 da za a iya gyarawa a lokaci ɗaya, wanda ya ishi mai koyo. Na sana'a kuwa biya ne na wata ko shekara, kuma manhajar ta fi sakewa idan akwai intanet.

Onshape da SolidWorks 'yan gida ɗaya ne ta wata fuska, duka biyun suna lissafin siffofi da tushen manhaja ɗaya mai suna Parasolid, kuma wasu daga cikin waɗanda suka kafa SolidWorks ne suka kafa Onshape a 2012, kafin kamfanin PTC ya saye ta a 2019. Onshape a burauza take aiki kacokan, ba a girka komai, tsohuwar kwamfuta ma tana iya ɗauka, amma in intanet ya yanke aiki ya tsaya. A tsarinta na kyauta duk fayilolinka a buɗe suke ga kowa. Don koyo ba laifi, har ma alheri ne, tunda za ka iya buɗe aikin wasu ka ga yadda suka jera zobbansu. Don aikin da ke da sirri kuwa bai dace ba. SolidWorks ta Dassault Systèmes, wadda ta fito a 1995, a Windows kaɗai take aiki. Tana nuna ɗigogin haɗi da za ka ja da hannu, kuma inda ka danna a jikin zobe yayin zaɓa shi ne inda ɗigon farko zai zauna, don haka ka riƙa danna kusurwa mai fuskantar 'yar'uwarta. Tana da Boundary, wanda yakan fi Loft tsabta idan kana da layuka ta fuskoki biyu. Ba ma shawartar mutum ya saye ta don koyon Loft kawai, sai dai idan makaranta ko wurin aiki sun ba shi.

Ga wanda ke aikin kwano ko farantin ƙarfe akwai tambaya ta musamman. Ba kowace fatar Loft ce take buɗuwa ta kwanta a shimfiɗe ba, ko da layukanta miƙaƙƙu ne. Idan burinka ka yanka ƙarfe ka lanƙwasa, nemi Lofted-Bend a SolidWorks, Lofted Flange a Fusion, ko DevLoft da UnrollSrf a Rhino. Manhajar da ba ta da irin wannan za ta ba ka hoto mai kyau da maƙeri ba zai iya bi ba.

FreeCAD kyauta ce ɗungurungum, ba ta neman intanet, tana aiki a Windows, Mac da Linux, kuma fitowar 1.0 a Nuwamban 2024 ta rage tsohuwar matsalar nan ta rikicewar fuskoki idan an gyara matakin baya. Tana da Loft a sashen Part da Additive Loft a sashen PartDesign. Babu ɗigon haɗi da za ka ja, babu layin jagora a cikin umarnin. Idan fata ta murɗe, sai ka koma zane ka daidaita adadin gefuna, ka zana baka huɗu maimakon da'ira ɗaya, ko ka juya zanen a kan shimfiɗarsa. Wannan wahala tana da amfaninta, domin wanda ya koyi Loft a FreeCAD ya koyi tsara zobba da kyau tun daga tushe. Amma wanda ke son fatar mota ko ta kwalbar turare zai isa bango da wuri, sai ya ƙara sashen Curves daga waje.

Blender kyauta ce ita ma, sai dai ta wani jinsi. Raga take saƙawa, ba fatar lissafi ba. Makwafin Loft a cikinta shi ne Bridge Edge Loops, kuma yana son adadin ɗigo ya zo ɗaya: da'ira mai ɗigo 32 tana buƙatar a raba kowane gefen murabba'i gida 8. Lambar Twist tana gyara murɗiya. Da'irar milimita 60 mai gefe 32 tana kauce wa da'ira ta gaskiya da kusan milimita 0.14 a tsakiyar kowane gefe, a gefe 128 kuwa ratar ba ta kai 0.01 ba. Don hoto, wasan kwamfuta ko abin ado da za a buga a firintar 3D, wannan ya wadatar. Don injin CNC, mai sassaƙa bisa umarnin kwamfuta, ba ta dace ba, tunda ba ta fitar da fayil ɗin STEP, wanda ake musayar zanen inji da shi, da kanta. SketchUp ba ta da Loft ko kaɗan sai an ƙara mata Curviloft.

Duk wadda ka ɗauka, kurakurai biyu za su biyo ka. Na farko yawan zobba. Mai koyo yana ganin zobe 12 sun fi 4 daidaito, alhali kowane ƙarin zobe wata dama ce ta kumburi, musamman idan tazararsu ba ta yi kusa da juna ba, misali milimita 5 a nan, 120 a can. Fara da uku, ka kunna Zebra, ka dubi ratsin baƙi da fari a jikin fatar. Inda ratsin ya karye ko ya yi rawa, nan ne matsalar, kuma sau da yawa cire zobe ne maganinta. Na biyu ƙin rarakewa. Idan bangonka milimita 2 ne, kusurwar waje kuma an zagaye ta da milimita 1, fatar ciki ba ta da wurin zama, sai ta naɗe kanta umarnin ya faɗi. Ka sa zagayen waje ya fi kaurin bango, misali milimita 3 ko 4, ko ka yi Loft na biyu daga ƙananan zobba ka cire shi daga na farko.

Idan kayan inji ko abin bugawa a firinta za ka yi, kuma lambobi za su riƙa canzawa, fara da Fusion, ko Onshape in kwamfutarka ba ta da ƙarfi amma intanet ɗinka tsayayye ne. Idan siffar ce kanta sana'arka, yi amfani da kwana 90 na Rhino sosai, ka fara gwajin ranar da kake da lokacin zama a kanta, domin kwanakin suna ƙirguwa ko ka buɗe ta ko ba ka buɗe ba. In kuma darasi za ka saya, tambayi mai koyarwa ko akwai babin da yake gyara Loft da ya lalace a gaban ɗalibai, kuma da wane fitowar manhajar aka ɗauki bidiyon, saboda sunayen maɓallan sukan canza daga shekara zuwa shekara.