Manhajar modem ko Phone Link: wacce za ta gaya maka mai kira?

Malam, ka tambayi manhajar da za ta gaya maka mai kiranka kana gaban kwamfuta. Cikin biyun da ka kawo mana zaure, wato manhajar kuɗi mai aiki da modem (na'urar haɗa kwamfuta da layin tarho) da kuma Phone Link ta Microsoft, mai haɗa salula da kwamfuta, ɗauki Phone Link. Kuɗin lasisin nan bar shi a aljihunka.

Ita nake aiki da ita a shagona na buga takardu kusa da Kasuwar Dole. Salulata tana can ƙuryar shago tana shan caji a batirin sola, ni kuwa ina gaban kwamfuta, hannuwa biyu a kan madannai, mai takarda na tsaye a kaina yana sauri. Kira na shigowa sai sunan ya fito a kusurwar allo. In Hajiyarmu ce, nan take na ɗauka ta kwamfutar, da abin sauraro a kunne, ban tashi daga kujera ba. In baƙuwar lamba ce, ta jira in sallami mai aiki. Kafin wannan, kira nawa na tsohuwar ya wuce ni saboda ƙarar injin fotokofi, sai da magariba in tarar da su jere. Yanzu ta daina yi mini ƙorafi, kuma wannan kaɗai ya ishe ni.

Abin da take nema ba shi da yawa, amma ka duba shi tun kafin ka fara. Windows 11, ko Windows 10 da aka sabunta. A kan 7 da 8 ba ta hawa ko kaɗan. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta winver, za ka ga wanda kake da shi. In 10 ne, kai shi 22H2, wanda shi ne na ƙarshe, kuma ka sani Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A salula kuma ka saka Link to Windows, ka shiga da asusun Microsoft guda a duka biyun. Android daga 10 zuwa sama ba ka da damuwa. Masu iPhone an buɗe musu a 2023, a kan Windows 11. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne Bluetooth: ta nan kira yake bi, kuma yawancin manyan kwamfutocin tebur na hannu da ake kawo mana ba su da shi. Ɗan Bluetooth na USB, wanda bai fi farce ba, yana warware matsalar. Lasisi kuwa babu, kyauta ce.

Abu ɗaya kada in ɓoye maka: Phone Link tana nuna suna, ba ta furta shi. Muryar daga salular take zuwa. Manhajar kira ta Google tana da wurin da ake kunna sanar da mai kira, iPhone ma tana da shi tun iOS 10. Sai dai muryar Faransanci tana haɗiye h, Hadiza ta koma Adiza, Haruna ya koma Aruna. Ka ajiye sunaye gajeru, kunnenka zai saba.

Ta modem ɗin na taɓa sayenta, tana nan cikin kwali. Tana furta suna ta lasifikar kwamfuta tana kuma ajiye jerin kira, iyakar alherinta ke nan. Ba ta aiki sai da layin waya na tebur irin na Niger Telecom, wanda aka kunna masa nuna lamba, da modem mai ramin igiyar tarho wanda ya iya karanta lambar. Layinka na Airtel, Moov ko Zamani ba ya bi ta cikinta. Tawa lasisinta na kwamfuta ɗaya ne, da katin banki aka biya da dalar Amurka. In ba biro, wato ofis, gare ka mai layin tebur ba, babu abin da za ta yi maka.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayarwa. Wani zai miƙo maka modem ɗin intanet mai cin sim ya rantse shi ne. Ba shi ba ne, nemi ramin igiyar tarho. Wani zai sayar da lambar lasisi guda ga mutum da yawa, ranar da aka toshe ta ya ce kwamfutarka ce ba ta da lafiya. Mafi muni shi ne mai zuba maka fasasshiyar manhaja daga kile na USB ya ce har abada ce. Irin su ne ke shigo da ƙwayar cuta, ga shi manhaja ce da ke ganin lambobin iyalinka da na abokan cinikinka. Kuma duk wanda ya nemi ko dala a hannunka da sunan kuɗin lasisin Phone Link, cuta ce, tashi ka ba shi wuri. In ladan sakawa ne, wannan daban, ku yi ciniki.

Ka turo mana abin da winver ya nuna da irin kwamfutarka da salularka, in gaya maka ko sai ka sayi ɗan Bluetooth ɗin.