Layar yaran Rumawa: kwali, yumɓu ko fata za a saya?

A tsohuwar daular Rum, idan jariri namiji ya kwana tara ana raɗa masa suna, a rataya masa wata laya mai zagaye da suke kira bulla. Ba ya rabuwa da ita sai ya kai kamar shekara 14 zuwa 17, ranar da zai sa mayafin manya ya ajiye ta wa gumakan gidansu. 'Yan mata kuwa lunula ake rataya musu, mai siffar jinjirin wata. Bulla ta 'ya'yan attajirai zinariya ce, ta talakawa fata. Wannan bambancin shi zai taimake ku a kasuwa, idan an ba yara aikin kwaikwayonta a darasin tarihi.

Kwali da takardar naɗe kyauta mai ruwan gwal su ne mafi araha. A ɗora bakin kofi a zana da'ira biyu, a yanke, a cusa auduga a tsakiya don ta yi tudu, a manne da gam. Tana ɗaukar ido, kamar ta zinariyar da aka tono a Pompeii, garin da tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 miladiyya. Sai dai ƙyallin na yini ɗaya ne. Gumin wuya kaɗai ya isa ya saɓule takardar.

Yumɓu ban ba da shawararsa ba ga ƙananan yara. Namu ya kwana biyu yana bushewa, ga nauyi, kuma da ƙaramar 'yata ta yi tsalle sau ɗaya ramin igiyar ya ɓalle, sai kuka.

Ni fata na zaɓa. Ku je wurin dukawa ku nemi guntayen da suka rage, na akuya mai laushi, wanda almakashi ke ci. Ku roƙi badukun ya huda muku gefen da basilla tun a can, yaro sai dai ya zura zare ya tsuke bakin. Tana jure wasa, kuma ita ce ainihin irin wadda 'ya'yan talakawan Rum suka rataya. Abu ɗaya: ta yi kama da layar da muka sani sosai, har kakar yarana ta tambaye ni wane malami ya rubuta. Ku bar cikinta auduga kawai, ku kuma yi wa mutanen gida bayani tun da wuri.

Igiya kuwa, zaren ulu za ku saya, wanda ke tsinkewa idan ya maƙale a ƙofa. Kada ku sa na roba a wuyan yaro.