Miele ko Henry, wanne ya fi a injin zuƙar ƙura?

Wannan gardama dai ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar injin zuƙar ƙura irin mai taya da ake ja da tiyo. Masu sha'awa yawanci Miele suke yabo, na Jamus ɗin nan da kamfaninsa ya faro tun 1899. Gaskiya samfurinsu na C3 ba hayaniya, kana iya rage ƙarfin zuƙa in za ka share labule, waya kuma da ƙafa za ka taka ta naɗe kanta. Matsalar kuɗi ne, injin da tsada, jakar ƙurar ma lita 4.5 ce kuma ita ma da tsada.

Su kuwa dillalai da masu gyara in ka zauna da su Henry za su nuna maka, jan nan mai ido da murmushi da kamfanin Numatic ke ƙerawa a Ingila tun 1981, wai ba abin lalacewa a cikinsa, wayar mita 10 da hannu ake naɗe ta babu sifirin da zai tsinke, ƙaramin ma jakarsa lita 6, shi ya sa masu sharar ofis suka riƙe shi. Amma fa yana kifewa in ka fizge shi a kwana, kuma a kan kafet mai kauri Miele mai buroshin lantarki ya bar shi nesa.

Ni gidan tayil gare ni, Henry zan ɗauka. In gwanjo za ka saya ka duba bayansa, na Amurka mai wutar volt 120 ne, wutarmu za ta ƙona shi.