Sharhi: yadda DecoderPro ya taimake ni wajen canza adireshin kan jirgi na hannu

Duk mai sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na samfuri da ya taɓa sayen kan jirgi na hannu ya san wannan matsala. Ka ɗora shi a kan dogo, ka kira lamba 3, shiru. Ka kira lambar da aka rubuta a jikinsa, shiru. Wuta na gudana a layi, sauran jiragenka na tafiya lafiya lau, shi kuwa ya kafe. Abin da ya same ni ke nan da wani kan jirgi mai siffar na dizal, ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman na gaske, wanda ya zo da dikoda mai sauti, wato 'yar na'urar cikin jirgi da ke karɓar umarni, amma babu takarda ko ɗaya. Na yi aikin ne da manhajar DecoderPro ta JMRI (wani tarin manhajojin jiragen samfuri), wadda kyauta ce, tare da wani ƙaramin akwati da ke haɗa kwamfuta da dogo ta USB. Hukuncina a taƙaice: ga mai sayen na hannu, wannan haɗi ya fi danna lambobi a rimot nesa ba kusa ba, domin yana ba ka damar karanta abin da ke cikin dikoda kafin ka rubuta komai.

Tsarin DCC da ake sarrafa waɗannan jirage da shi, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus kafin ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'idar kowa a shekarun 1990, yana aika wuta da umarni ta dogo ɗaya. Kowane dikoda yana jin dukkan umarnin, amma wanda ke ɗauke da adireshinsa kaɗai yake bi. Sabon dikoda yana fitowa daga masana'anta da adireshi 3. Na hannu kuwa yana ɗauke da duk abin da mai shi na baya ya ga dama ya sa masa. Shi ya sa saiti a kan babban layi ba ya amfani a nan, tunda sai ka san adireshi kafin ka aika masa saƙo. Dole ka koma layin saiti, ɗan guntun dogo da aka ware, mai ƙarancin wuta, wanda ba ya neman adireshi. Duk dikodan da ke kansa zai karɓi umarnin, don haka jirgi ɗaya tak ake ɗorawa.

Farko karatun ya ƙi. Da na juya jirgin sai na ga ƙafafunsa sun yi baƙin datti na daɗewa a ajiye. Na jiƙa ƙyalle da sinadarin goge kayan lantarki, na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarfen ya fito fes, sannan amsa ta fara zuwa. Dalilin yana da ban sha'awa. A layin saiti dikoda ba ya magana. Na'urar ce ke tambayarsa, shi kuma idan amsar e ce sai ya ja ƙarin wuta kamar miliyamf 60 na kusan kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa ta cikin injinsa. Da idona na ga jirgin yana ɗan zabura, yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan a duk tambaya, har sai da na mayar da shi tsakiyar layin. Datti kaɗan ya isa ya haɗiye wannan amsa.

Dikoda yana ajiye saitinsa a gurabe masu lamba da ake kira CV, kuma abu na farko da manhajar ta karanta shi ne CV8, inda lambar kamfanin da ya ƙera dikoda take, da CV7 mai nuna samfurinsa. CV8 na jirgina ya ba da 151, wato kamfanin ESU. Da Digitrax ne da 129 zai fito, Lenz 99, Zimo 145, SoundTraxx 141. Ba tare da na kwance ko noti ɗaya ba na san abin da ke cikin cikinsa, kuma wannan kaɗai ya biya ni wahalar haɗa wayoyin.

Sai batun adireshin, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin ba wuri ɗaya yake zaune ba. Gajeren adireshi, daga 1 zuwa 127, yana CV1. Dogon adireshi an raba shi gida biyu, CV17 da CV18. Wanda ke yanke hukuncin wanne za a bi shi ne CV29. A nawa jirgin CV1 yana nan a 3 yadda ya fito, amma CV29 ya nuna 38. Idan ka warware 38 za ka sami 32 da 4 da 2: 32 na nufin a bi dogon adireshi, 4 na ba shi damar tafiya a kan tsohon tsarin wuta marar dikoda, 2 kuma matakan gudu 28 ko 128. Ashe lamba 3 tana nan, an dai rufe mata kunne ne. CV17 ya ba da 202, CV18 ya ba da 158. Ka cire 192 daga 202 saura 10, ka ninka da 256 ka sami 2560, ka ƙara 158, adireshin ya zama 2718, lambar da ba ta da wata alaƙa da abin da ke jikin jirgin. Da hasashe zan bi, da ban gano ta ba har abada.

Ni lambar jikinsa nake so, 5417. Da hannu sai in raba ta da 256, in sami 21 da ragowar 41, in ƙara 192 a kan 21 in rubuta 213 a CV17 da 41 a CV18, in kuma kula kada in ɓata CV29. A DecoderPro akwati ɗaya ne: ka zaɓi dogon adireshi, ka rubuta lambar, ka danna, ita ta yi lissafin. Duk da haka ina ba da shawara mutum ya iya lissafin da kansa, saboda ranar da kwamfuta ba ta kusa.

Da na mayar da shi babban layi na kira 5417, fitila ta kama, oda ta yi ƙara, amma ko motsi bai yi ba. Wannan alama ce ta CV19, inda ake ajiye adireshin haɗin gwiwa idan an jera kawunan jirgi biyu ko uku su ja taragu tare. Muddin ba sifili ba ne, gudu da alkibla suna bin wannan lambar, fitila da sauti kuma suna iya ci gaba da bin adireshin jirgin. Nawa ya nuna 12. Mai shi na baya ya raba shi da abokan tafiyarsa bai warware haɗin ba. Na rubuta 0, ya tashi sumul.

Wani zai ce me ya sa ban mayar da dikodan saitin masana'anta ba tun farko, in huta. A dikodoji da yawa, har da irin nawa, rubuta 8 a CV8 yana yin hakan, ko da yake wasu kamfanonin suna da tasu lambar daban. Ban yarda da fara aiki da wannan ba. Da na karanta CV3 da CV4 na ga an yi musu aiki da natsuwa: jirgin yana tashi a hankali kamar mai jan kaya masu nauyi, yana kuma tsayawa ba da fizga ba. An rage ƙarar sauti yadda ba za ta cika ɗaki ba. Wani ya zauna ya ɓata lokacinsa a kan wannan, kuma da na share da duk ya tafi. Manhajar ta adana mini dukkan saitin a fayil mai sunan jirgin, ko nan gaba na share zan iya dawo da su.

Inda za ka yi haƙuri shi ne lokaci. Dikoda mai sauti yana da ɗaruruwan CV, kuma tunda amsa e ko a'a ce kawai, karanta su duka yana ɗaukar dogon zama. Wannan ɗabi'ar layin saiti ce, kowace na'ura ka yi amfani da ita. Haka nan sai ka sa wata manhaja mai suna Java a kwamfuta kafin DecoderPro ta buɗe. Shi kuma akwatin da na saya, takardar da ta zo da shi ba ta yi bayanin zaɓen mashigar USB yadda sabon shiga zai gane ba, kuma wayarsa gajera ce ƙwarai.

Idan dikodanka ya karantu amma ya ƙi karɓar sabon adireshi, duba CV15 da CV16. Wasu dikodoji suna da makulli a nan, kuma sai lambobin biyu sun zo ɗaya kafin su yarda a rubuta musu komai.